Madam Zeinabou da Hannayen Ramata

Kowace safiya kafin ƙarfe bakwai, Madam Zeinabou kan fito daga gidanta na unguwar Dagmanet da farar rigar aiki a ninke cikin jaka, ta taka da ƙafa zuwa ƙaramin gidan likitan unguwa. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana jinyar mutane. Watan gobe za ta ajiye aiki, kuma na san halinta, so take ta sulale ba wanda ya ce uffan. To, ni sai na ce.

Masu gaggawa ba sa son shiga wurinta. Ka kai mata ƙaiƙayi kana jiran man shafawa, sai ta tsare ka da tambayoyi kamar alƙali: wane sabulu, wane turare, mece ce sana'arka. Ni kaina na taɓa fitowa ina gunaguni.

Amma ku tambayi yayata Ramata, mai yi wa amare ƙunshi, wadda da sana'ar take ciyar da 'ya'ya huɗu. Shekara uku da suka wuce kirci ya kama hannayenta, yatsu suka tsattsage suna ruwa. Wace amarya za ta miƙa ƙafa ga hannu irin wannan? Sai Ramata ta yi dabara, ta riƙa lafta wa hannayen baƙin lalle don ta ɓoye ciwon. Yana ƙaruwa, tana ƙara laftawa. Mata suka fara janye jiki, har aka soma raɗe-raɗin kuturta.

Da Ramata ta je gidan likitan, Madam ta juya hannayen, ta ce, "Me kike zubawa a lallen nan yake baƙi wuluk haka?"

"Rinin gashi ne na kasuwa, Madam. Shekara shida ina sa shi, bai taɓa yi mini komi ba."

"Yo ai haka yake yi, ƙanwata. Gubar tana shiga fata sannu-sannu, jiki yana ta haƙuri. Ranar da ya gane ta, shi ke nan, ko ɗigo ya taɓa ki sai ya tashi."

Ramata ba ta yarda ba. Madam ta tsarma rinin da ruwa, ta ɗiga mata a dantse, ta rufe, ta ce ta dawo jibi. Da aka buɗe, wurin ya yi jawur ya kumbura. Yayata ta fashe da kuka, wai sana'arta ta mutu.

Ke ce ba ki bar ta da kukan ba, Madam. Kin ba ta magani, kin ce ta koma ga jan lalle na ganye zalla. Da kika ji amare suna cewa ja tsohon yayi ne, ranar Lahadi kika je gidanta kika miƙe a tabarma, ta yi miki ƙunshi. Mako uku kina zuwa aiki da jan lalle raɗau, duk wadda ta yaba ki ce, "Aikin Ramata ne." Ina ƙaunarki saboda wannan, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Ku da za ku gaji kujerarta, don Allah ku riƙa tambaya kafin ku rubuta magani. Ke kuma, mai duba ciwo har tushensa, mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Satin jiya Ramata ta yi wa amare uku ƙunshi, ta dawo gida ta dama fura da hannunta, 'ya'yanta suka sha ba wanda ya kau da kai don ƙyamar hannun.