Malam Iro Tasha da Jirgin da Ba Ya Tsayawa

Ku da kuka san Malam Iro Tasha ba sai na gaya muku ba: mutumin nan bai taɓa tsallaka titi a Dutsin-Ma ba sai ya tsaya, ya leƙa dama, ya leƙa hagu, ya kasa kunne, sannan ya busa usur ɗin nan da ke rataye a wuyansa. Ba mota yake tsoro ba, ba babur ba. Waɗannan ko kallo ba su ishe shi ba, 'yan acaɓa sun sha kauce masa suna salati. Jirgin ƙasa yake dubawa. A garin da ko guntun layin dogo babu!

Ni taubashinsa ne, uwata da ubansa ciki ɗaya, don haka abin da wani bai isa ya faɗa masa ba ni ina faɗa. Na ce, "Iro, wai mi kake dubawa?"

Ya ce, "Jirgi."

"Ina layin?"

"Kai dai raggo ne, Lawal. Ranar da za su kawo shi, kai za su yi wa sanarwa?"

Tare muka yi aiki a kamfanin marigayi Alhaji Mati. Kamfani dai ake cewa, amma rumfa ce ta kwano a bayan kasuwa, inda muke ƙera jiragen ƙasa na wasan yara da gwangwanin madara da na tumatir. Ni ne mai dalma, ni nake liƙe taragu. Iro kuwa ko ƙusa bai iya bugawa ba, amma shi ne kamfanin. A ƙofar rumfa akwai wani faffaɗan tebur da muka shimfiɗa wa layin waya, da duwatsun laka, da tashoshi: Dutsin-Ma, Kurfi, Ɗantutture, Wurma. Jirgin talla yana zagaya shi da kacar keke, Iro na juya feda da hannu, yana kiran tashoshi da wata murya da ban san inda ya samo ta ba. Ranar kasuwa sai ka rasa inda za ka sa ƙafa. Da ɗaliban jami'a suka fara ɗaukarsa a waya kuwa, har daga Katsina ake zuwa a ɗauki hoto da shi da hularsa mai baki.

Shi fa bai taɓa shiga jirgin gaske ba. Sau ɗaya yana saurayi ya tafi Funtuwa da guzurinsa don ya hau. Ya zauna a tasha har guzuri ya ƙare, jirgi bai zo ba. Wani da ya dawo yana zagi, shi kuwa ya dawo baki har kunne, wai ya gano sirrin abin: jirgi jira ne. Tun daga nan jirginsa na gwangwani bai taɓa tashi a kan lokaci ba. Yara na ihu, "Baba Tasha, a tashi!" shi yana duba agogon da ya daɗe da mutuwa yana cewa, "Ku yi haƙuri, shina Kurfi, ana shan ruwa." Jirgin kuma ga shi a gabansu suna kallo!

Sai maganar fasinja. Kowa ke son tafiya zai kawo ƙwayar wake ɗaya, wannan waken shi ne shi. Iro zai karɓa da hannu biyu, ya tambayi inda za ka, ya zaunar da kai cikin tarago. Kuma wallahi ba ya rikita su. In na ce duk wake ɗaya ne sai ya harare ni.

"Wanga Hajiya Ladi mai waina ce. Ba ka ga baƙin hancin ba?"

Wata tsohuwa daga Ɗantutture ta taɓa kawo nata ta ce Makka za ta. Iro ya mayar mata cikin girmamawa, ya ce, "Inna, akwai teku a hanya, ni kuwa ban yi wa baƙin Allah ƙarya. Amma in kina so in rage miki hanya zuwa Kurfi, bismilla."

Ta kuwa yarda, aka rage mata.

Doka ɗaya gare shi wadda ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: ba a taɓa jirgi yana tafiya. Wani kansila ya taɓa kawo ziyara da jama'arsa, aka sa masa wakensa, jirgi ya tashi, sai ya kai hannu zai ɗauka ya nuna wa masu hoto. Kafin ya ankara sandar jar tutar Iro ta sauka a bayan hannunsa, tas! Iro ya cire hula ya rusuna.

"Ranka shi daɗe, na ceci ranka. Ko gwamna ne ya yi tsalle daga jirgi, karyewa zai yi."

Ranar da ba zan manta ba ita ce ranar akuya. Jirgi cike da fasinja aka kira azahar, Iro ya tsayar da shi a tashar Kurfi, ya ce kowa ya sauka ya yi salla, muka wuce masallaci. Muna dawowa muka tarar da akuyar mai gawayi a kan tebur, ƙafa ɗaya a Wurma ɗaya a Ɗantutture, ta lashe taragun nan ƙal. Ni dariya ta kayar da ni ƙasa. Iro ko murmushi bai yi ba. Ya yi salati, ya gyara hula, ya bi rumfa-rumfa yana kai labari. Na bi shi a baya don kar a ba ni labari.

"Hajiya Ladi, sai haƙuri. Akuya ta cinye ki a tashar Kurfi."

Ta ɗago daga tanda ta ce, "Kai Malam Iro! To ga ni ina suya."

"Shi ya sa na zo da kaina, kar ki ji a bakin wani."

Bai tsaya nan ba. Ya ce tunda akuya ta ɗauki fasinjansa, wajibi ne ya san inda za ta sauke su. Haka ya wuni yana bin ta lungu-lungu da tutarsa. Da yamma ya dawo ya ce alhamdulillahi an sauka a bayan tashar mota, sai dai jama'a sun jigata, ba a gane kowa.

To, kwana ya ja, Alhaji Mati ya rasu, ɗansa Nasiru ya karɓi kamfani. Yaron kirki ne, a cinyar Iro ya girma. Ya lura hannun Baba ya fara rawa a kan feda, sai ya tafi Kano ya sayo wani ɗan inji mai batir, muka ɗaura wa jirgin talla, wai don tsoho ya huta. Aka kunna. Jama'a, abin nan ya ɗauki gudu! Ya wuce Kurfi, ya wuce Ɗantutture, ya wuce Wurma, ya dawo ya sake wucewa. Iro na ɗaga jar tuta yana busa usur, jirgi ko a jikinsa.

"Nasiru, ina birki?"

"Baba, wannan ba ya tsayawa sai batir ya ƙare."

"To su bayin Allah da ke ciki ta ina za su sauka?"

Nasiru ya yi dariya, mu ma muka yi. Iro bai yi ba. Kasuwa na zagayowa ya hau kan benci ya busa usur sau uku, ya ce ya bar aiki, zai koma gida Wurma wajen matarsa Inna Rabi. Kai, ranar kamar an yi rasuwa! Hajiya Ladi ta bar waina ta ƙone. Yara suka riƙe masa riga. Nasiru ya durƙusa ya ce a cire injin yanzu-yanzu, Iro ya ce a'a, jirgi ba ya komawa baya.

Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da wani tsohon wake duk ya yamutse, ƙwaro ya huda shi gefe guda.

"Wanga ni ne. Ma'aikacin jirgi ba shi barin aiki da ƙafa kamar ɓarawo. A jirgi zan tahi. In na sauka Wurma, na bar aiki."

Ya zaunar da kansa a taragon baya, ya ce a kunna. A lissafinsa batir zai mutu kafin la'asar, jirgi ya tsaya, ya ɗauki wakensa ya yi sallama da kowa. Abin da bai sani ba, Nasiru ya riga ya zagayo da waya ta ƙarƙashin tebur ya haɗa da babban batirin sola na rumfa. La'asar ta yi, jirgi na gudu. Gari ya waye, jirgi na gudu. Dokarsa kuma ta kama shi: ba a taɓa jirgi yana tafiya. Duk kasuwa ta san da wayar nan, kuma duk kasuwa ta ja bakinta, don ba mai son ya tafi.

Haka Iro ya zama fasinja. Kullum zai zo da ƙullin kayansa ya zauna a benci, ya ajiye tuta da usur, ya ce shi yanzu ba ma'aikaci ba ne. In mai saye ya tambaye shi farashi sai ya ce, "Ni ma baƙo ne nan." Rake ma ba ya saye sai an miƙo masa ta gefen kafaɗa, wai ta taga. Inna Rabi ta kira shi a wayata, ina jin muryarta har waje.

"Malam, ba ka ce ka taho ba?"

"Ina kan hanya."

"Tun wancan makon kake kan hanya!"

"Jirgi ne hwa, Rabi, ba babur ba."

Har wurin liman ya je tambaya, wai ko ya halatta ya fara sallar ƙasaru tunda matafiyi ne. Liman ya dube shi ya ce, "Malam Iro, kai ke tafiya ko wake?" Ya ce, "Allah shi gafarta Malam, tare muke." Liman ya ce to waken ya yi ƙasaru, shi ya cika.

Ciniki kuwa bai taɓa yin kyau irin na lokacin ba. Mutane na zuwa kallon mutumin da ya kasa sauka. Mu muna ta dariya, muna ganin mun yi dabara.

Wata ranar da ba ta kasuwa ba, da hantsi, ba kowa sai ni da shi, jirgi na ta kewaye. Na ce bari in tsokane shi.

"Fasinja, yanzu kana ina?"

Ya karkata kai ya saurara, sannan ya ce, "Ɗantutture, ina jin."

Jirgin yana Dutsin-Ma, a ƙarƙashin hancinsa. Na buɗe baki zan yi masa tsiya, sai ya kamo hannuna.

"Lawal, ban ganin shi. Tun damina ban ganin waken, da laluben hannu nike gane su. Ba injin yaro ya kore ni ba, na samu abin fakewa ne. So nike in je gida in ga fuskar Rabi tun da sauran ɗan hasken."

Wallahi ban taɓa jin kunya da tausayi sun haɗe mini lokaci guda irin na ranar ba. Mun ɗaure tsoho da waya muna tafi, shi kuwa idonsa na ƙarewa a kan benci. Na ce, "To don Allah ka ɗauki wakenka mana, wa zai gan ka?"

Ya saki hannuna. "Raggo. Ni da na bugi kansila?"

Na tafi na sami Nasiru na gaya masa. Yaron nan ya shiga bayan rumfa ya daɗe bai fito ba. Da ya fito ido jajur, sai ya ɗauko usur da jar tuta ya durƙusa gaban Iro.

"Baba, an samo birki. Amma ba ya kamawa sai shugaban tasha ya ba da izini."

Kafin ka ce me, labari ya zagaya, wuri ya cika ba ranar kasuwa ba. Iro ya miƙe, ya gyara hularsa mai baki, ya kasa kunne. Jirgi ya zagayo, ya bar shi ya wuce. Ya sake zagayowa, ya bar shi, don ba zai yiwu a ce ya isa a kan lokaci ba. A na gaba ya ɗaga tuta ya busa usur, Nasiru na ƙarƙashin tebur ya fizge waya. Jirgi ya tsaya cak, amma ba a tasha ba. Saura kamar taƙi ɗaya ya kai Wurma, a tsakiyar dajin laka.

Nasiru ya leƙo a firgice. "Baba, bai kai ba. Bari in ɗan tura shi."

"Kul! Haka na gaske ke yi. Sai in ƙarasa da ƙafa."

Ya lalubi taragon baya ya ɗauki wakensa, ya rataya wa Nasiru usur a wuya, ya ce da jama'a a yafe masa jinkirin shekara da shekaru. Ana dariya ana share ido.

Ni na raka shi a mota. Muna hango bishiyoyin Wurma ya bubbuga ƙofa ya ce direba ya tsaya, nan jirgi ya ajiye shi. Direba ya ce ai saura kaɗan. Ya ce ya sani. Haka muka sauka cikin rana, ƙullinsa a kaina, hannunsa a kafaɗata, yana zagina wai ina tafiya kamar jaki mai ciki. A ƙofar gida muka tarar da Inna Rabi tsaye ta riƙe ƙugu, ta shirya faɗa. Bai bar ta ta fara ba. Ya matsa kusa da ita har hancinsu ya kusa haɗuwa, ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Alhamdulillahi. Ban makara ba."

Bayan kaka idon ya rufe gaba ɗaya, kafin wata damina kuma shi ma ya tafi, a ɗakinsa, tana gefensa.

Allah Ya jiƙan Iro ɗan kawuna. Ya Ubangiji, bawan nan naKa ya sa garinmu dariya bai taɓa cutar kowa ba, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka masa kabarinsa, Ka mayar masa da ganinsa a Aljanna. Ka ba Inna Rabi haƙuri, mu kuma Ka kyautata namu ƙarshen. Amin.