Awon da ban yi wa Usta Shahata ba

Usta Shahata, babban kafintanmu, mutumin Dumyat ne, a cikin ƙurar katako ya tashi kamar yawancin 'yan garinsu. Yana ɗan shekara tara kawunsa ya ba shi aikin miƙe tsofaffin ƙusoshi. Ya yi ta ƙera gadaje da kujerun falo har ya haura talatin, sannan ya dawo Alƙahira da matarsa, suka kama ɗaki biyu a unguwar Shubra. Madam Ulfat ta ɗauke shi shekarar da ta buɗe kamfaninmu, lokacin daga ita sai teburin zane. Shekararsa goma sha ɗaya a wurin na zo. Muka ƙara goma sha huɗu tare.

Mu bakwai ne duka. Idan wani kamfani zai je baje koli, mu ke zana masa tambari da takardun talla, mu ƙera masa rumfar da zai yi kwana huɗu a ciki, sannan mu rushe ta. Masu zane suna sama da kwamfutocinsu. Usta yana ƙasa da zartonsa. Ni ne na tsakani: takardar izini, motar kaya, leburori, duk abin da ba wanda ke son yi.

Ba mai yawan magana ba ne. Ƙarfe goma zai ci wakensa da gurasa da ɗanyar albasa a tsaye, ya koma kan aiki. Bakinsa ba ya buɗewa sai Hazim, babban mai zanenmu, ya sauko da sabon zane. Usta zai juya takardar ya ce, “Basha, ranka ya daɗe, wannan bangon da ba shi da ƙafa, mala'iku ne za su riƙe shi?” Hazim ya ce ai ga mala'ika nan Madam tana biya, fuka-fukan ne kawai suka zube saboda tsufa. Sai Usta ya kore shi, bayan kwana biyu kuma ka tarar bangon yana tsaye.

Doka ɗaya gare shi. Ba ya yanka katako da awon da masu baje koli suka turo a takarda. Yakan ce wanda ya zana taswirar zauren bai taɓa taka cikinsa ba. Sai an je an shimfiɗa tef a ƙasa, an ɗaga shi zuwa rufi, an duba ginshiƙi da bututu. Shekara da shekaru shi ke zuwa da kansa. Da gwiwarsa ta lalace, ya daina iya doguwar tafiyar cikin zauren, sai ya miƙa min tef ɗinsa, ya ce ni kaɗai ya yarda in auno masa. In na dawo na ba shi takarda, tambaya ɗaya yake yi: da hannunka ka auna? In na ce e, sai ya kunna zarto.

Bara muka sami aikin wani kamfanin man zaitun na garin Siwa, mafi girman aikin da muka taɓa samu. Hazim ya zana musu hasumiya a kusurwar rumfar, sunan kamfanin a can ƙololuwa, yadda za a hango shi tun daga ƙofa.

Ranar awo na isa da azahar. Layin karɓar izinin shiga ya kai titi, rana tana dukan ƙeya. Na tsaya minti ashirin layin bai motsa ba. Na tsallaka gidan shayi na zauna. Taswirar masu baje kolin tana cikin jakata. Na ciro ta, na kwafe lambobin da fensir a takardata: faɗi mita shida, zurfi mita biyar, tsayin rufi mita huɗu. Ba ni da marar lafiya a gida, ba a kira ni ko'ina ba. Gajiya ce kawai.

Usta ya karɓi takardar ya daɗe yana kallonta. Ya yi tambayarsa. Na ce e.

Ranar kafawa muka ɗaga hasumiyar, ta bugi bututun iska da ya ratsa daidai kusurwarmu. Bututun ba ya cikin taswira, kuma ya cinye kusan rabin mita. Ba yadda za a matsar da ita, an riga an ɗaure ƙasa da wayoyi. Usta ya sa aka kwantar da ita, ya durƙusa a kan gwiwar nan tasa ya yanke kan. Sunan kamfanin ya rasa wurin zama a sama, sai da aka dawo da shi daidai kafaɗar mutum, bayan tulin kwalabe.

Mai kamfanin ya iso da la'asar, ya zazzaga wa Madam Ulfat abin da ya zazzaga. Ita kuma ta juyo kan Usta. A gaban leburorinmu da kafintocin rumfunan maƙwabta ta ce idonsa ya tafi, hannunsa ya tafi, ta daɗe tana rufa masa asiri. Kowa ya ajiye guduma yana ji. A sana'armu kowa ya san kowa, kuma kafintan da aka ce ya kasa awo ya gama.

Takardata tana cikin aljihun rigarsa, ina ganin bakinta. Bai ciro ta ba. Ya ce, “Allah ya huci zuciyarki, Madam,” ya ci gaba da goge bakin katakon. Ni ina tsaye taku uku daga wurin, riƙe da igiya.

Na ce wa raina sai an tashi baje kolin zan yi magana. Da aka tashi na ce sai Madam ta huce. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji, 'ya'yana mata uku suna makaranta. Kafin in gama jinkiri ta sa hannu da wani babban shago mai injin yanka da kwamfuta. Ta ce Usta ya zauna ya riƙa ɗan gyare-gyare. Ya gode mata, ya tattara kayan aikinsa a buhu biyu ya tafi.

Mako uku bayan haka na hau sama na faɗa mata. Ba ta kore ni ba. Ta dube ni ta ce yanzu ta yi yaya da wannan magana, an riga an sa hannu na shekara biyu. Ta buga masa waya ta ba shi haƙuri, ta ce ya dawo. Ya ce ya yafe, amma ba zai dawo ba.

Na same shi a Shubra, a shagon ƙanin matarsa, yana haɗa kabad ɗin kicin. Ya sa aka kawo shayi. Na fara zayyana abin da na yi, ya ɗaga hannu.

“Tun ranar na sani, Midhat. Shida cif, biyar cif, huɗu cif. Shekara nawa kana kawo min awo? Ka taɓa ganin zauren da ya ba da lamba cif?”

Na ce to me ya sa ya yanka.

“Na tambaye ka, ka ce e. In na ja ƙafata na je na sake aunawa, na ce kai maƙaryaci ne ke nan. Ni kuma ban shirya faɗin haka ba.” Ya kurɓi shayi. “Da na sani da na je ɗin. Ka ga ni ma ina da nawa.”

Na tambaye shi abin da zan yi masa. Ya ce aiki ba ya ƙarewa a duniya, kabad ma aiki ne. Abin da ke cinsa shi ne tun ranar ba wanda ya kira shi daga cikin 'yan baje koli, har waɗanda shi ya koya musu riƙon zarto. Bai ce in yi komai a kai ba.

Ni mutum ne da ba ya ganin magana a bakin komai, amma wannan ɓarnar ba ta gyaruwa da guduma. Duk baje kolin da muka je yanzu, idan aka zauna cin abincin rana, nakan bi rumfunan in nemi shugabannin kafintoci ɗaya bayan ɗaya, in faɗa musu wanda bai yi awo ba ranar hasumiyar zaitun. Wasu su ce Allah ya kyauta, su ci gaba da cin abincinsu. Wasu sun manta ma da wace hasumiya. Wani tsoho daga Hulwan ya kira ni ɗan iska a gaban mutanensa, sannan ya ce in ba shi lambar Usta. Na ba shi. Ban sani ba ko ya kira.