Askirim a Buhun Ƙaiƙayi: Daga Limawa Zuwa Rugar Inna

Limawa, ƙarfe biyar da minti arba'in

Ina idar da sallar asuba na ƙwanƙwasa wa maƙwabcinmu Alhaji Sabo, mai firjin sola, na karɓi ajiyata: robobin askirim uku, fari da na cakulan da ja. Kakata Inna, da ke rugarmu bayan Jahun, ta kwana shida ba ta cin komai sai ruwan shayi tun da zazzaɓi ya sake ta. Da aka kara mata waya a kunne ta ce, "Mai gidana, nonon nan naku na birni da ake ci da cokali, shi za ka kawo mini." Ta tsufa tana tallar nono, amma ba ta taɓa ɗanɗana askirim ba. Na yi alkawarin zai iso gabanta bai narke ba.

Mai sayar da ƙanƙarar unguwarmu ne ya koya mini dabara: na jera robobin a kula, na binne kular cikin buhun ƙaiƙayin shinkafa. Ya ce, "Awa huɗu gare ka. Ko wa ya ce ka buɗe, kada ka buɗe."

Tashar Dutse zuwa Kiyawa

Adaidaita sahu ta sauke ni shida da kwata, mota ba ta cika ba sai bakwai da minti goma. Direba Malam Idi ya nufi but ɗin motar da buhuna, daidai saman salansa mai fitar da hayaƙi da zafi. Ni da ko a aji nakan san amsa in yi shiru, sai na ji bakina ya ce, "A cinyata zan riƙe."

"Ɗalibi, zinari ne a ciki?"

"Na kakata ne."

Ya miƙo mini buhun. A shingen da ke gaba da Kiyawa jami'i ya leƙo ya tambayi abin da ke buhun. Na ce askirim.

"A ƙaiƙayi? Kaji za ka ba?"

Na roƙe shi ya cusa hannu kawai. Ya taɓa sanyin kular, ya yi dariya, ya ɗaga mana hannu.

Kukar Randa, takwas da minti talatin da biyar

Nan taya ta fashe, safeya kuma ba iska. Malam Idi ya hau acaɓa neman mai faci, rana ta fara cizo. Wani dattijo da ke shara a gonarsa ya ga ina rufe buhu da rigata, ya yafuto ni zuwa wata tsohuwar kuka mai kogo. A tsaye na shiga, taku bakwai na ƙirga daga bango zuwa bango. A tsakiya akwai randa da moɗa domin matafiya, wurin kuwa sanyi kamar bakin rijiya.

"Har daga Dutse ake zuwa ɗaukar hoto," in ji shi. "Amma kai ne na farko da ya kawo mata ajiyar ƙanƙara."

Na jingina buhun da randar. Awa ɗaya da minti ashirin muka yi kafin a gyara tayar.

Jahun zuwa ruga

Goma da rabi muka shiga Jahun. Ko ƙosai ban tsaya saye ba, na haye acaɓa. Sha ɗaya da minti biyar na durƙusa gaban Inna, wa'adin ya wuce da fiye da awa guda. Na tone ƙaiƙayi, na buɗe kular. Gefen robobin ya zama ruwa, tsakiyar na nan daram.

Ta lashi na cakulan ta ce ƙanzo ne ya ƙone. Jan kuma ta ce sabulun wanka. Da ta kai farin baki sai ta ce, "Nono ne, amma saniyar tasu ba ta zuwa kiwo. Ina tsamin?" Sai ta dubi Goggo Hari, ƙanwar babana da ke jinyarta. "Miƙo mini fura da kindirmo."

Ta marmasa fura a robar, ta zuba kindirmo, ta dama da ludayinta. Muna kallo ta shanye tas, ta suɗe ludayin.

"To, yanzu na gyara musu shi. Mai gidana, akwai sauran tuwon jiya?"

Goggo Hari ta juya baya tana goge ido da gefen zane.

Na iso Limawa shida da minti ashirin, ana shirin magariba, da kwalbar man shanun da Inna ta ba ni a cikin kular. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Alhaji Sabo, da dattijon kuka wanda kunya ta hana ni tambayar sunansa.