Wasanmu a Kan Yashin Kogin Yamai

Litinin, Maraɗi zuwa Dogondutsi

Ƙarfe biyar da rabi, muna idar da sallar asuba, muka tashi daga Maraɗi, mu goma sha ɗaya a wani tsohon kamiyo, babbar motar ɗaukar kaya. Shekarar farin nan ce da gero ya bushe tun bai fitar da kai ba, soja na riƙe da ƙasa. An gayyaci ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo zuwa Yamai. Sunana Lawali, kafinta ne ni, amma a ƙungiya ni ne rejiser, mutumin da ƴan kallo ba sa gani: ni ke kafa fage, ni ke riƙe littafin wasa, ni ke ɗaga hannu makaɗi ya buga ganga.

Tun la'asar ɗin jiya na gama lodi. Wanda zai gaji aikin nan ya riƙe wannan: abin da za ka fara nema shi ne na ƙarshen shiga mota. Allunan fage a ƙasa, akwatin tufafi a kansu, igiya da guduma da jarkokin ruwa a bakin ƙofa. Takardar izinin tafiya kuwa biyu na yi, ɗaya a aljihu, ɗaya cikin hula.

Babbar mai wasanmu Inna Cima ce, mai sayar da tabarmi, shekarunta sun haura hamsin. Ita ke fitowa a uwar da ɗanta ya tafi cin rani bai dawo ba. Da na ɗaga ta ta hau, sai ta ce, "Lawali, ni ba tafi zai kai ni ba. So nake in ga ruwan da ba a ja da guga."

Da hantsi ya ɗaga, hanya ta koma kamar mafarki. Kawalwalniya na malala a kan kwalta, mu yi ta bin ta tana ja da baya. Can nesa raƙuma na tafe kamar ƙafafunsu ba sa taɓa ƙasa. Garuruwa shiru, rumbuna a buɗe.

Kafin Madawa jandarmomi suka tsayar da mu. Ɗaya ya hau ya yaye tamfol, sai ya yi arba da allon da na zana gonar gero kore shar, da hadari a bisa. Ya daɗe a tsaye.

"Ina kuka ga wannan?"

"Fenti ne, shef."

Ya shafa ganyen da yatsa, ya dubi yatsan, sannan ya sauka ya ɗaga mana sanda. Ko takarda bai tambaya ba.

Ƙarfe ɗaya muka shiga Birnin Ƙonni, bayan kilomita wajen ɗari biyu da arba'in. A bakin tasha mata ne zaune da ƴaƴansu, sun baro garuruwansu. Inna Cima ta juye musu ruwan gorarta kaf, ba ta gaya mini ba. Da muka kama hanya kuma ta dinga waƙa cikin iska mai zafi don ta kore abin da ta gani. Da muka sauka Dogondutsi gab da magariba, na ce, "Inna, sannu da hanya." Ta buɗe baki, sai iska kawai.

Laifina ne. Na lulluɓe alluna da tsumma kada su karce, na bar muryar da wasan ya dogara da ita a bayan mota. Muka kwana a ajin wata makaranta, na dafa mata citta da kanumfari da zuma.

Talata, Dogondutsi zuwa Yamai

Ƙarfe shida na sa ta a gaba kusa da Garba direba, na ce kada ta yi magana har mu isa. Garba ya yi dariya. "Inna da shiru? Sai dai in ni zan riƙa amsa mata gaisuwa." Haka kuwa aka yi. A Doso muka sha shayi da burodi, duk wanda ya gaishe ta Garba ne ke cewa lafiya lau.

Ƙarfe biyu da kwata muka shiga Yamai. A unguwar Kalle muka sauka, gidan Alhaji Isufu, ɗan Maraɗi mai sayar da atamfa kusa da babbar kasuwa. Ya ba maza zaure, mata suka shiga ciki, aka kawo dambu da zogale. Ban zauna ba. Ƙa'idata ce: kada ka ci abinci a gari sai ka taka fagen da ƙafarka.

Na tarar da ɗakin wasan a buɗe, soja biyu a ƙofa. Na leƙa. Daga kan dandamali har kujerun baya buhunan dawar agaji ne, an jera su har kusa da rufi. Shugaban sojojin wurin, wani ajidan, dogo, mai zane a kumatu, ya karɓi takardata ya karanta. Hausarsa ta Arewa ce, ta mutanen Dogondutsi.

"An kawo su shekaranjiya. Ba inda za su sai an raba."

"Shef, kilomita ɗari shida da wani abu muka yi."

"Waɗanda za su ci dawar nan da ƙafa suka yi tasu."

Gaskiya ya faɗa. Na karɓi takardata na juya.

Laraba, bakin kogi

Da safe Alhaji Isufu ya zaga da ni Bukoki da wasu unguwanni. Makarantar da ke da fili ba ta da izini, mai izini ba ta da fili. Da la'asar na haƙura, na ce bari dai in kai Inna ta ga ruwanta.

Muka gangara ƙasan gada. Kogin ya janye ya bar yashi fari fetal, sai wani siririn ruwa can tsakiya yana tafiya a hankali kamar mai jin barci. Jiragen masunta na kife a kan yashi. Masu wanki sun shanya zannuwa launi-launi, wani mai lambu ya wuce da garwa ya ce mana "fofo", sannun Zabarmawa. Inna Cima ta cire takalmi, ta taka har bakin ruwan, ta tsuguna ta sa hannu. Ba ta ɗebo ba, ta bar shi yana bi ta tsakanin yatsunta.

Ni kuwa ƙafata ta fara aikinta ban sani ba. Taki goma sha biyu a faɗi, takwas a tsawo. Na tafa hannu, yashi ya haɗiye ƙarar. Na matsa gaban wasu jirage uku da aka jingine a gefe, na sake tafawa, sai ƙarar ta dawo mini. Na dubi rana: in ƴan kallo suka ba ta baya, za ta haska fuskar masu wasa, ba sai da fitila ba.

Na koma wajen ajidan da gudu. Ya karɓi littafin wasan ya karanta shafi-shafi a tsaye, ya je ya yi waya, ya dawo.

"Gobe ƙarfe biyar. Awa ɗaya, kafin magariba kowa ya watse. Zan zo da kaina. In kalma ɗaya ta fita daga abin da ke cikin littafin nan, kai zan kama, ba su ba."

Alhamis, wasa

Masunta suka taya ni jera jirage shida a bayan fage, na kafa allunan a gabansu, na ja iyaka da toka. Na ce wa masu wasa kowa ya rage gudu, yashi na cinye taki. Inna Cima ta ja ni gefe, muryarta kamar ana shafa tabarma. "In ba su ji ni ba fa?" Na ce, "Kada ki ɗaga, Inna. Ki tsaya gaban jirgin tsakiya, ki faɗa yadda ta fito."

Ba mu yi shela ba, amma mutane suka yi ta gangarowa: masu wanki, masu lambu, teloli daga Kalle, da ɗimbin waɗanda fari ya koro suka yi bukkoki a bayan gari. Suka zauna a yashi. Ajidan ya tsaya kusa da ni, hannunsa a baya.

Da Inna ta fito, iska ta kwanta. Maganarta raɗa ce, sai jama'a suka yi tsit don su kama ta, har ina jin ƙarar ruwan nan ɗan siriri. Wata mata na fassara wa maƙwabtanta da Zabarmanci a kunne. Rana ta yi ja, gonar fenti ta zama kamar za a shiga a yi girbi.

Sai aka zo inda uwar ke tsayawa bakin hanya ta ce, "Wa ya ga ɗana? Wa ya ga Nomau?" A littafi, nan nake ɗaga hannu, ganga ta buga, a shiga fitowa ta gaba. Hannuna ya fara tashi, sai wata tsohuwa daga cikin jama'a ta ce, a hankali, "Wa ya ga Hamidu?" Wata ta ce, "Wa ya ga Bubakar?" Sai sunaye suka dinga tasowa daga yashi, nan da can, da Hausa, da Zabarmanci, da Fillanci, da Buzanci. Ba kuka, ba ihu. Kowa na kiran nasa.

Ko ɗaya babu a littafi. Makaɗi ya zuba mini ido, ajidan ma haka. Na san in na ɗaga hannu ganga za ta rufe su, ni kuma in tsira. Na sa hannun a aljihu. Inna Cima na tsaye, duk sunan da aka kira ta juya wajen ta gyaɗa kai. Sai da na ƙarshe ya faɗi, shiru ya zauna, sannan na ba da alama. A duk shekarun da na yi a aikin nan, ban koyi abin da ya fi wannan wuya ba: sanin lokacin da ba ka ɗaga hannu.

Da aka watse, ajidan ya kira ni.

"Kun wuce da minti ashirin."

"Haka ne, shef."

Ya juya ya dubi ruwa. Sai ya ce, "In kun wuce Dogondutsi da kaɗan, akwai wata hanya a hagu, kilomita tara. Ku tambayi Ta-Allah, uwar soja. Shekara biyu ban je ba. Ku ce mata ina nan, ina lafiya."

Jumma'a da Asabar, komawa

Ƙarfe shida muka yi sallama da Alhaji Isufu, ya cusa wa Inna turmin atamfa. Muka sake kwana a Dogondutsi. Asabar da hantsi Garba ya karya hagu yana gunaguni saboda yashi.

Garin saura gida huɗu da mutane. Muka sami Ta-Allah zaune a inuwar rumbu tana tsinke zare, ƴar tsohuwa, idanunta sun yi fari. Na durƙusa na isar da saƙo. Sai ta lalubo hannuna.

"Da idonka ka gan shi?"

"Da idona, Iya."

"Ya yi ƙiba?"

Mutumin kuwa siriri ne kamar sanda. Inna Cima ta zauna kusa da ita, ta ce da ƴar muryar da ta fara dawo mata, "Bai yi ƙiba ba, Yaya. Amma tsaye yake kyam, kuma da bakinsa ya kira sunanki."

Tsohuwar ta ce a sake faɗa mata. Inna ta sake. Sau uku.

Ƙarfe takwas saura kwata muka shiga Maraɗi, ana fitowa sallar isha'i. Na sauke kaya na ƙirga, ba abin da ya ɓata sai guduma, wadda na bar wa masunta. Na gode wa Alhaji Isufu da iyalinsa, da Garba da ya kai mu ya dawo da mu, da masuntan da suka ara mana jiragensu, da ajidan ɗin da ban taɓa sanin sunansa ba. Inna Cima ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta. Godiya ta tabbata ga Allah da ya maido mu gida lafiya.