Amsar Da Na Ba Likita

Har yau idan na ji ruwa na tafasa a ƙaramar tukunya, sai in tuna ƙarar allurai da muke dafawa kowace safiya a asibitin mata na Sakkwato. Zamanin Turawa ne, lokacin da aka fara ɗaukar 'yan matan da suka yi makaranta su koyi aikin jinya. Ni yarinya ce mai sanyin hali, na iya karatu da rubutu, amma hankalina ya fi zama a kan tsuntsayen da ke sauka a bishiyar tsakar asibitin.

Wadda aka ɗora a kanmu ta riga mu gama koyo, muna ce mata Yaya. Ita ke tsakaninmu da Likita Bature, kuma ita yake tuhuma idan mun yi kuskure. Ba ta da wasa. Takan ce mana a nan ba a sunkuyar da kai, wadda ta zo neman yabon kunya ta koma ɗakin uwarta. Ni kuwa ta laƙaba mini 'yar sarkin mafarki. Na ɗauka ƙiyayya ce.

An ba ni wata tsohuwa daga Dundaye, sa'ar kakata, wadda kututturen gero ya soka a ƙafa. Ni ke wanke mata ciwon, tana kirana ɗiyata, tana tsokanata wai hannuna ya fi dacewa da lalle. Wata safiya na kwance ɗaurin, na ga gefen ciwon ya yi baƙi, wari kuma ya sauya. Na ɗaure, na ce zan faɗa wa Yaya a keɓe. Kafin in same ta Likita ya shigo zagaye. A gaban gadon Yaya ta ce in faɗi halin da ƙafar ke ciki. Tsohuwar ta zuba mini ido tana murmushi. A gidanmu ko mutum na gargara, idan an tambayi jikinsa, da sauƙi ake cewa, balle a ce ƙafar babba tana wari a gaban idonta. Na ce da sauƙi. Likita ya wuce bai sa an buɗe ba. Daga nan tsoro ya hana ni gyara maganata.

Ranar da Yaya ta buɗe da kanta, aikin gama ya gama. Aka yanke ƙafar. Yaya ta tsayar da ni a gaban sauran ɗalibai, ta tambaye ni ko gaisuwa aka aiko ni in yi a asibiti. Na jira kora, ba ta zo ba. Ba da jimawa ba aka mayar da Yaya wani ƙauye, na ji daɗi a raina.

Ina jan hankalin masu koyon wannan aiki: ladabin gida yana da wurinsa, amma a bakin gadon majinyaci abin da ido ya gani shi ake faɗa, kuma mai tsananta muku ba lalle ne maƙiyi ba.

Sai bayan shekaru masu yawa wata tsohuwar ma'aikaciya ta gaya mini dalilin mayar da Yaya ƙauye. Ashe ita ce ta shiga wurin Likita ta ce ita ta duba ƙafar a safiyar nan, ita ta sa ni in ce da sauƙi.