Takardar da Baba Ya Kai Hukuma

Ina da shekara tara Malam Garba, limamin zawiyarmu, ya rasu. Muna zaune ne a Jidda, a wani lungu bayan Bab Makka, inda Baba ke sayar da yadi. Zawiyar ƙarama ce, Hausawan unguwa suka gina ta, su ne kuma ke zaɓar mai ja musu salla. Baba ya tsaya a kan ɗan marigayin, Alhaji Sale mai nama ya kafe a kan nasa surukin. Aka yi ta ja har magariba ta koma jam'i biyu. Da abin ya ishi Baba, sai ya ce zai rubuta wa hukuma ta zo ta raba gardama.

Kakarmu Hajja Delu ba ta so haka ba, to amma Baba ɗan farinta ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta kuma zama ta yi masa faɗa ido da ido. Matar da ta ratsa Sudan da ƙafa, ga ta kunya ta hana ta ce wa ɗanta kul.

Kullum bayan magariba mukan hau kan soro, ta hura gawayi ta soya gahawa, mu jikoki mu kewaye ta. Ran nan Baba yana can gefe da alƙalami da takarda.

"Yalla, ku matso," ta ce, tana ɗaga murya fiye da yadda ta saba. "Ta yau daga ƙetaren teku ta zo."

"Ta zo mu ji, ya Sitti," muka amsa, don da Larabci muke kiran kaka.

Kafin ta iso Jidda ta yi shekaru tana girki a gidan wata Ba'italiya a garin Musawwa da ke bakin teku, a can ta kwaso labarin. Ta ce a birnin Rum, a zamanin da, manyan gidaje biyu ne ke kokawa a kan kujerar Paparoma, babban limamin Nasara. Wannan gida ya ɗora ɗansa, wancan ya kore shi ya ɗora nasa, wanda aka kora ya dawo da dakaru. Aka wayi gari mutum uku kowa na cewa shi ne, kowa da majami'ar da ya tare a ciki. Sai wasu dattawa suka aika wa sarkin Jamus, mai daula a bayan duwatsu, ya zo ya yi sulhu.

"Ya zo kuwa?" in ji yayata.

"Da dawakinsa da komai. Ya zauna ya saurari kowa, bai katse kowa ba. Mutumin kirki. Da suka gama sai ya tuɓe su duka ukun, ya kamo hannun wani ɗan ƙasarsu da ya taho da shi, ya zaunar a kujerar."

"To su manyan gidajen fa?"

"Suka yi layi suka sumbaci hannun baƙo. Ya kuma rantsar da su ba za su sake zaɓe ba sai da izininsa. Halas, ta ƙare."

Mu dai ba ta yi mana daɗi ba, babu aljani babu dodo. Baba ya naɗe takardarsa ya ce, "Inna, sai da safe." Ta amsa tana kallon garwashi. Washegari ya kai takardar.

Bayan wata guda aka aiko mana limami. Malami ne na gaske, karatunsa ba laifi, bai taɓa ɓata wa kowa ba. Hausa ce dai ba ya ji ko kalma ɗaya. Tsofaffin matan da suka saba tsayawa bakin ƙofa su tambayi liman hukuncin tsarki ko takaba da harshensu suka daina zuwa. Da aka canja shi, wani aka sake aikowa, ba a kuma tambayi kowa a unguwar ba.

Na daɗe ina jin haushin Hajja. Da ta ajiye kunya ta faɗa masa kai tsaye, wataƙila da ya fasa. Yanzu da na kai shekarunta ba na tsammanin haka. Baba ya fahimci labarin sarai, ya dai ɗauka cewa shi ne mai gaskiya, kuma duk wanda ya zo zai gani. Bai taɓa tayar da maganar a gida ba. Shekara ashirin suka yi shi da Alhaji Sale a sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, suna bin mutumin da bai san sunan ko ɗayansu ba.