Lambar Tagullar da Gwaggo Ta Hana Ni a Aziziyya

Gari bai gama wayewa ba muka bar gida, ni da abokan tafiyata biyu, muka nufi filin jirgin Kano da niyyar Umra. Su ibada kaɗai ta fito da su. Ni kuwa, bayan ibadar, ina da 'yan uwa a Makka da ban taɓa gani ba. Kakanmu ya tafi aikin Hajji da ƙafa ta Chadi da Sudan, ya bar mahaifina yana goye, bai sake dawowa ba. Can ya yi aure ya haifi Gwaggo, wadda sai a 'yan shekarun nan waya ta haɗa mu da ita.

A jirgi muka ɗaura harami. Ɗaya abokin namu bai taɓa ɗaurawa ba, haka ya sauka Jidda hannu ɗaya a jaka, ɗaya a ƙugu. Hanyar Makka shimfiɗaɗɗiya ce, ba rami ko ɗaya, duwatsu baƙaƙe dama da hagu, direban kuma bai san akwai birki a motar ba. Muka yi ɗawafi da sa'ayi, muka yi aski, muka ci burodin tamis da wake a wani shago. A kusa da Harami komai da tsada, har ruwan shayi, amma da ka ɗan nisanta sai farashi ya dawo hayyacinsa.

Bayan mun huta, ɗan Gwaggo ya zo ya ɗauke ni. Direban bas ne, lokacin Hajji a Arfa yake aiki. Hausarsa rabi Larabci ce, ni kuma Larabcina na makarantar allo ne, haka muka lallaɓa har Aziziyya, unguwar da suke zaune. A hanya ya nuna mini wajen unguwar Nakkasa, inda aka haifi uwarsa. Gefen da gidansu yake an rushe shi, sai fili da motocin gini.

Gwaggo ta riƙe fuskata da hannu biyu tana kuka, ta ce goshin babanta ne sak. Aka kawo shinkafar kabsa da kaza, ga kuma miyar kuka da ta yi don ni. Ina ci tana ba ni labarin kakanmu: yadda yake goya ta zuwa Harami, yadda yake saya mata alewa ran Juma'a. Ina murmushi, amma wani abu yana cin raina. Mahaifina ko muryar mutumin nan bai sani ba.

Sai ta buɗe akwati ta ɗauko wani ƙullin tsumma. Masu bibiyata sun san ni da tara tsofaffin kuɗi da lambobi, tun daga anini da kobo mai huji. Da ganin abin da ke cikin tsumman nan, cokali ya tsaya mini a hannu. Lambar tagulla ce mai cika tafin hannu, ta yi duhu irin na tsufa, ba wanda ya taɓa goge ta da wani magani ya lalata ta. Gefe ɗaya kan wani Bature mai saje, ɗaya gefen ganga da zangarniyar inabi, da rubutun Faransanci kewaye.

Na san irinta, a hoto nake ganinsu wurin masu tarawa. Ta wani kamfanin barasa ce na ƙasar Faransa. Wani mutum ne ya kafa shi da 'ya'yansa a bakin kogi, suna dafawa suna ɗurawa a ganguna, jiragen ruwa na kaiwa ƙasashe. Da kamfanin ya shekara ɗari sai ya buga lambobin nan ya raba wa dillalansa. Daga baya jikoki suka sayar wa wani kamfani da ya fi su ƙarfi, sunan gidan ya rage a jikin kwalba kawai. Na daɗe ina neman ko guda ban samu ba, ga ta nan a ƙullin tsumma, kuma ta kakana ce.

Kishi ya rufe ni. Su suka samu mutumin, su suka samu Makka, ga lambar ma tasu. Na koma masauki abokaina na hirar dabino da turaren da za su saya, ni ina lissafin yadda zan raba tsohuwa da kayanta. Har a ɗawafi tunanin yana faɗo mini, ina istigfari yana dawowa.

Ranar da na koma sallama na fito da dabarata. Na gyara murya na ce mata lambar nan fa ta masu giya ce, bai dace a ce tana ajiye a gari mai tsarki irin wannan ba, in ta yarda sai in tafi da ita in rage mata nauyi.

Gwaggo ta yi dariya har tana share ido. Ta ce ai ta sani tun tana yarinya. Guzurin kakanmu ne ya ƙare a Chadi, ya kama dako wurin wani Bature ɗan kasuwa, yana sauke akwatuna bai san me ke ciki ba. Ranar da ɗaya ya fashe ya ji wari, ya ce ya bar aikin. Baturen ya ji daɗin gaskiyarsa, ya sallame shi ya haɗa masa da lambar. Ko a Sudan da yunwa ta matsa masa bai sayar ba, domin ya yi niyyar ɗansa na Kano zai kai wa.

Na yi caraf na ce to ai ga ɗan ɗan nasa ya zo.

"A'a, ɗana," in ji ta. "Ubanka ya samu rabonsa. Har babanmu ya rasu, in ya ɗaga hannu sunan ubanka yake fara kira. Ina zaune a gabansa, hankalinsa yana Kano. Na yi kishin yaron nan da ban taɓa gani ba har na yi furfura. Wannan kam ni ta zauna wa. Ranar da aka tashe mu daga Nakkasa a bakin zanena na ƙulle ta. Halas, shi ke nan, ka ɗauki hotonta."

Na ɗauka, gaba da baya. Ta cika mini jaka da dabino da jallabiya in kai wa yayanta, ta maida lambar akwati a gabana ta turo murfin.

Mun sauka Kano da la'asar, na wuce gidan mahaifina kai tsaye. Na ba shi labari duka, har da dabarar da na yi ta ƙi ci. Ya karɓi wayata ya daɗe yana kallon hoton, bai tambayi komai game da kamfanin ba. Ya ce in sake faɗa masa abin da ta ce a kan addu'ar. Na sake faɗa, ya juya fuskarsa wajen bango.

Ba zan ce muku kishin ya tafi ba, har yanzu in na buɗe hoton nan sai na ji shi. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, wanda kake ganin ya kwashe rabonka, wataƙila shi ma naka yake hange. Mahaifina dai ya ce in nemo masa biza, yana so ya ga ƙanwarsa tun suna da rai.